Tafiya bida: yadda ake lissafin riba da asara kafin a bar Adar

Daga watan Oktoba, da an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, tashoshin mota na Tawa, Madawa da Birnin Ƙonni ba sa rabo da samari masu jaka a kafaɗa, masu tafiya bida, wato ci-rani. Wasu Abijan za su, wasu Kano ko Legas, wasu Kumasi, wasu kuma su bi ta Agadas su nufi Libiya ko Aljeriya. A ƙauyukan Adar ta jihar Tawa, irin na Buza, Keita da Illela, akwai inda za ka shiga da rani ka tarar sahun azahar tsofaffi ne kawai da yara. Kakanni ma sun yi wannan tafiya tun zamanin Turawa, lokacin da ake gangarawa ƙasar Gana ta yanzu neman kuɗin haraji. Hanya ce ta canza, da takardu, da darajar kuɗi, kuma ta nan ne gidaje da yawa ke tafka asara ba su ankara ba.

Ana yawan gardama a rediyo kan ko fitar mutane da shigowar baƙi alheri ne ga ƙasa ko sharri. A ganinmu amsar tana cikin lissafin kowane gida. Idan gidaje dubu suka tura 'ya'yansu da lissafi, ƙasa ta ci riba. Idan suka tura su da bashi da jinginar gona, ƙasa ta yi asarar hannu da hatsi gaba ɗaya. Saboda haka daga gida za mu fara.

A fara da rumbu kafin a tambayi kuɗin mota

Ma'aunin da hukumomin noma na Nijar suka daɗe suna aiki da shi wajen lissafin cimaka shi ne kilo 231 na hatsi ga mutum ɗaya a shekara, wato buhu 2 masu kilo 100 da tiya 12 da ɗoriya. Gida mai mutum 8 yana buƙatar wajen buhu 18 da rabi. A ce gona ta ba da buhu 11. Giɓin buhu 7 da rabi ke nan, kuma shi ne ainihin abin da za a fita nema. Maigidan da bai san wannan adadi ba, duk abin da ɗansa ya aiko ko dai ya raina shi, ko ya ga kamar ya yi yawa a kashe shi a biki.

Kada a tsaya ga ƙirga dami, don dami ba ɗaya ba ne. A sussuke guda 3, babba da matsakaici da ƙarami, a auna tiyoyinsu, a raba uku, sannan a ninka da yawan dammunan da aka samu. Daga nan a cire iri, a cire zakka, a cire hatsin da aka ci bashi da damina. Abin da ya saura shi ne na ci.

Akwai ribar da ba a cika ƙirgawa ba. Mutum ɗaya yana cin wajen kilo 19 a wata. Saurayin da ya bar gida daga Nuwamba zuwa Mayu ya rage wa rumbu kilo 135, ko da bai aiko da dala ɗaya ba. Idan su biyu ne, giɓin nan na buhu 7 da rabi ya sauko ƙasa da buhu 5.

Sai kuma a tambaya: da ya zauna, me zai yi? Gidan da ke da fili a fadama, a kwarin Majiya ko Tarka, ko kusa da tafkin Tabalak, ko a gonakin albasa na Galmi, sau da yawa zaman saurayin ya fi tafiyarsa, musamman idan akwai rudu da za a ajiye albasar har farashi ya tashi, maimakon a zubar da ita a kasuwa lokacin da kowa ke cira. Wanda gonarsa fako ce a kan tudu, babu rijiya babu dabba, shi lissafinsa ya fi karkata ga tafiya. Gida kuma kada ya saki duk majiya ƙarfinsa a shekara ɗaya. A bar namiji ɗaya, a riƙa yin karɓa-karɓa.

Wace ƙasa, kuma da wane kuɗi za a biya ka

Matasa sun fi duba inda aka ce ana biya da tsoka. A fara duba kuɗin ƙasar tukuna. Kodebuwa, Benin, Togo, Senegal, Mali da Burkina Faso duk sefa ɗaya muke kashewa da su, don Nijar tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa. Jikar Abijan, wato sefa dubu, jika ce a Tawa, babu ɗan canji a tsakani, kuma sefa a ɗaure take da yuro a kan kusan sefa 656 duk yuro ɗaya. Kamaru da Gabon suna da tasu sefar ta Afirka ta Tsakiya: darajar ɗaya ce a takarda, amma kuɗin daban ne, mai canji zai yanki nasa, ga kuma katin zama a Gabon da ba a wasa da shi.

Najeriya ta fi kusa, harshe ɗaya, kuɗin mota kaɗan, in an yi rasuwa ka iso kafin sadakar uku. Matsalarta naira. A watan Yunin 2023 gwamnatin ƙasar ta saki darajar naira ga kasuwa. Dalar Amurka da ake sayarwa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1.500 a farkon 2024. A wurin 'yan canjin bakin iyaka, nairar da ake bayarwa a karɓi jika ɗaya ta ninka. Mai ga-ruwa ko mai gadi a Legas aikinsa bai ragu ba, amma abin da ke isa gida ya rabu biyu. Wanda zai yi bida a Najeriya kada ya tara naira a ƙarƙashin katifa. Ko ya canza ta a kai a kai, ko ya mai da ita kayan da za su sayu a gida.

Libiya da Aljeriya sun fi biyan lebura da mai aikin gona, amma can ne ake barin rai. Hanyar Libiya daga Agadas take bi ta Dirku, Segedin, Madama, har Gatrun da Sabha, kwanaki a bayan Hilux, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sanda. Mota ɗaya ta lalace nesa da rijiya, shi ke nan. A Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun mutu. Wanda ya dage sai ya bi nan, to kada ya yarda da tafiyar “ka biya in ka isa”. Wannan ce ƙofar gidan bashi, inda ake tsare mutum a Sabha ana dukansa, ana kiran iyayensa ta waya su ji kukansa har su sayar da shanu. A biya kuɗin mota a Agadas, a bi ayarin motoci, a riƙe jarkar ruwa ta kai, kada a dogara da ta direba. Aljeriya kuwa tana kwaso mutane tun bayan yarjejeniyar da aka yi da Nijar a ƙarshen 2014. Wasu ana kawo su cikin manyan motoci, wasu a sauke su a wurin da ake kira Point Zéro su taka wajen kilomita 15 zuwa Assamaka. Mafi yawa suna isowa ba waya, ba kuɗin aikin da suka yi, don a wurin aiki ko a kan titi aka kama su. Mai aiki a can ya karɓi ladansa kowane mako, kada ya bari ya taru a hannun mai aikin.

Tarihi ma a sa shi cikin lissafi. Gana ta kori baƙi a 1969 zamanin Busia. Najeriya ta kori wajen mutum miliyan 2 a 1983 zamanin Shagari, bayan kuɗin man fetur ya faɗi. Yaƙin Kodebuwa na 2002 da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 sun maido da mutane gida hannu rabbana. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta kwararo dubun-dubatar 'yan Nijar, jihar Tawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ga shi daminar shekarar ba ta yi kyau ba. A Mayun 2021 wani bidiyon ƙarya da aka yaɗa a Facebook ya sa aka far wa 'yan Nijar a unguwannin Abijan. Duk lokacin da tattalin arziki ya karye ko siyasa ta yi zafi, baƙo ne ake fara nunawa da yatsa. Don haka jarin aiki kawai ake bari a can. Gida, shanu da fili a gida ake yin su.

Takardu

Yarjejeniyar 1979 ta CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma da ake kira ECOWAS, ita ce ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasa ba biza ya zauna kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, bayan sun kafa tasu ƙungiyar ta ƙasashen Sahel, AES. A lokacin CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa masu tambarinta har sai ta sake sanarwa. Irin wannan sassauci yana iya canzawa, saboda haka a satin tafiya a tambayi direbobin da ke bin hanyar da kuma 'yan uwan da ke can, kada a yi aiki da labarin bara. Hanya ma haka: bayan takunkumin da CEDEAO ta sa wa Nijar a 2023 an daɗe gadar Gaya da Malanville, a iyakar Nijar da Benin, tana rufe, fasinja na tsallaka kogi da kwalekwale su hau wata mota a ƙetare, kuma kowane sauka da hawa kuɗi ne.

Abin da za a riƙe: katin ɗan ƙasa da bai mutu ba, takardar haihuwa, fasfo ga mai nisa, da katin rigakafin shawara, wanda ake ce wa katin rawaya. Allurar shawara sau ɗaya ake yin ta a rayuwa tun da hukumar lafiya ta duniya ta sauya ƙa'ida a 2016, amma katin ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Wanda ya sayi kati ba allura ya cuci kansa, cutar tana kisa. A ɗauki hoton kowace takarda a waya, a tura wa wani a gida. Da an isa a nemi katin ofishin jakadancin Nijar, shi ne shaidarka ranar da aka kama ka, ko aka zo kwashe mutane, ko ka rasu ana neman danginka. A kuma kai gaisuwa wurin sarkin zango ko shugaban 'yan garinku. Maigidan da zai sauke ka a san shi tun daga gida, a yi magana da shi ta waya, a ji irin aikin da ke jiranka: tallar kaya ce, teburin shayi ne, dako ne, ko rumfar garba, abincin nan na rogo da kifi da 'yan Nijar suka shahara da sayarwa a Abijan.

Haihuwa a ƙasar waje ita ce inda ake yawan sakaci. Kodebuwa ba ta ba yaro ƙasa don kawai an haife shi a can, sai ta jini. Yaron da iyayensa 'yan Nijar ne, idan ba a rubuta shi a ofishin magajin garin can ba, ba a kuma kai takardar ofishin jakadanci ba, zai girma ba shi nan ba shi can. Ranar jarrabawa ko neman fasfo ake gane ɓarnar. Tun 2014 dokar Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu, don haka wanda ya samu takardar wata ƙasa bai rasa tasa ba.

Kuɗin tafiya da gonar da aka bari

A lissafa kuɗin mota, da na shingayen hanya, da na cin wata guda kafin aiki ya kankama, da kuɗin dawowa. Na ƙarshen nan a ware shi daban, kada a taɓa. A raba kuɗi wuri biyu ko uku a jiki, 'yan canji a aljihun gaba.

In da hali a sayar da akuya ko rago a yi guzuri. Mafi munin hanya ita ce jinginar gona, don mai kuɗin zai riƙa nomanta har ranar da aka biya, ga gida ya rasa hatsinta, giɓin da aka fita cikewa ya ƙara faɗi. Idan ba makawa, ko kuma aro za a ba wani, a rubuta. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira COFO, har a matakin ƙauye, inda maigari ke shugabanta. A je da shaidu, a rubuta iyakokin gona, da kuɗin da aka karɓa, da shekarun da aka yanka, da wanda zai ci itatuwan ciki da karan. Rigingimun da ke cika fadar hakimai da kotuna da yawansu daga nan suke: mutum ya yi shekara 15 a Abijan, ya dawo ya tarar wanda ya ba aro ya rasu, 'ya'yansa sun ce gado ne.

Yadda ake aiko da kuɗi

Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan ci-rani suka aika ƙasashe masu tasowa a 2023 a kan dala biliyan 656. Najeriya kaɗai tana samun kusan biliyan 20 a shekara. Amma aikawa zuwa Afirka kudu da Sahara ta fi ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin 100 ga mai aika dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Mu a nan muna da sauƙi, don kamfanoni irin su NITA, Amana da Al Izza suna da rassa a garuruwanmu da manyan biranen yankin. A tambayi kuɗin aikawa kafin a miƙa, a rubuta sunan mai karɓa yadda yake a katinsa harafi da harafi. Tsohuwar da ba ta da kati a yi mata tun kafin a tafi, in ba haka ba kullum sai an bi ta hannun wani, shi kuma da nasa rabon.

Daga Libiya yawanci ta hannun 'yan kasuwa ake bi: ka ba da dinari a Sabha ko Tarabulus, ɗan uwansa ya biya sefa a Agadas ko Tawa. A yanke farashin canji kafin a ba da kuɗi, a gwada da kaɗan, sai an ji ya isa a ƙara.

Lokacin aikawa ya fi yawan kuɗin muhimmanci. Hatsi yana araha daga kaka zuwa Janairu, ya yi tsada daga Yuni zuwa Agusta. Mu ɗauka buhu yana jika 25 a Disamba ya kai jika 35 a Yuli. Buhu 5 a Disamba jika 125 ne, a Yuli jika 175. Jika 50 ta tafi a banza saboda jinkiri. Matsalar ita ce a Disamba ɗan bida bai daɗe da isa ba, kuma kuɗin farko waya sabuwa yake kira. A daure, kuɗin wata biyu na farko na hatsi ne. Inda akwai bankin cimaka a ƙauye, ko tsarin ajiye amfanin gona a sito a karɓi bashi a kansa, a shiga, don yana hana sayar da wake da araha a kaka.

Rabon da muke ba da shawara daga kowace jika 10: biyar cimaka, biyu biyan bashi, biyu ajiyar noma da dawowa, ɗaya lalura. Idan an gama da bashi, kasonsa ya koma tunkiya ko akuya a hannun mai ɗaki.

Sai babbar magana: hannun wa kuɗin zai shiga? Aure da yawa sun mutu a nan. Ɗa ya aika wa mahaifinsa, matarsa ba ta ga ko na sabulu ba, ko ya aika wa matar a ɓoye, uwa ta ji a bakin maƙwabta. A fayyace a saƙon murya da kowa zai ji: “Baba, ina wuni. Ga jika 50 nan na turo. A sayi hatsi da 35. Inna ta karɓi 5, mai ɗakina 5 na cefane da sabulu, sauran 5 a kai wa Malam cikin bashinsa.” Wanda ya ji kunyar faɗin haka a gaban mahaifi, ya sa kawu ko wa ya faɗa a madadinsa.

Ranar dawowa

A Adar ruwan shuka yakan sauka cikin Yuni, wani lokaci ya kai Yuli. Amma aikin gona ya riga ruwa: sassabe, kai taki, gyaran tassa, wato ramukan shuka masu tara ruwa, da jera duwatsu a kan fako, duk aikin Afrilu da Mayu ne. Wanda ya dawo bayan an yi shuka ya samu gona yadda ya bar ta. Wanda ya wuce noman fari, wato makonni biyu zuwa uku bayan tsiro, ciyawa ta riga ta ci rabonta, kuma ba a rama wannan da maimai. Tsakiyar Mayu ya kamata ɗan bida ya kasance a gida. Idan ba zai zo ba, ya faɗa tun Afrilu, ya aiko da kuɗin 'yan ƙodago kafin ruwa, don da an yi ruwa kowa gonarsa yake, lada kuma ya hau.

Wanda ke son ganin nauyin da ake bar wa mata ya dubi aikin Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ramukan dashen itace da jerin duwatsun da suka farfaɗo da tuddan nan, akasari mata ne suka yi su, ana biyansu da abinci, don maza suna bida. Har yau haka abin yake a ƙauyuka da yawa: ita ce ɗiban ruwa, ita ce itace, ita ce kai yaro asibiti, ga shi ba ta da ikon sayar da ko akuya sai an kira Abijan. Mai tafiya ya bar mata izini bayyananne a gaban iyayensa kan abin da za ta iya yi in lalura ta taso. Shekara biyu, uku ba aike ba waya, shari'a ta ba ta damar kai ƙara, kuma tana da gaskiya.

Kafin a koma ɗaki a biya asibiti a yi gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta. Mai tarin da ya wuce mako biyu a duba shi, don kwanan mutum goma a ɗaki ɗaya shi tarin fuka ke so. Tramol da 'yan dako ke sha don su jure aiki, da yawa da shi suke dawowa, ya cinye abin da suka tara.

Abin da ƙasa ke samu, da abin da take rasawa

Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, jihar Tawa na da sama da miliyan 3, jama'a na ƙaruwa da kashi 3,9 cikin 100 a shekara. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabonta. Ba don bida ba, da shekarun fari sun fi haka muni. Kuɗinta ne ya gina shaguna da benaye da yawa a Tawa, ƙungiyoyin 'yan gari mazauna waje kuma sun yi masallatai, azuzuwa da rijiyoyi. Ribar da ta fi daɗewa ita ce sana'a. Wanda ya dawo da gini, walda, ɗaura tayil ko gyaran famfon ban-ruwa ya fi wanda ya dawo da babur da rediyo, don haka saurayi ya zaɓi aikin da zai koya ko da ladansa bai kai na talla ba. Asarar kuwa, ban da gonakin da suka koma fako, akwai yaran da ke barin makaranta da sun ga sa'o'insu sun dawo da sabbin kaya, akwai kuma likitan da ƙasa ta yi shekara 7 ko fiye tana koyarwa, ya tafi ya yi wa wasu aiki.

Ƙasar da ke karɓar baƙi ita ma da nata lissafin. Kodebuwa ta zama ta ɗaya a duniya wajen koko da guiwar 'yan Burkina da Mali da shugabanta na farko, Houphouët-Boigny, ya buɗe wa ƙofa, kuma ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazaunanta baƙi ne. Sai dai filayen da aka ba su da baki aka ba su. Da ƙasa ta yi ƙaranci, dokar 1998 ta keɓe mallakar filin karkara ga 'yan ƙasa, rigimar wane ne ɗan asali ta taso, ta zama cikin abubuwan da suka hura wutar yaƙi. Mu ma mun taɓa gwada kora: a ƙarshen 1963, kan rigimar tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta sallami 'yan Dahomey, wato Benin ta yanzu, cikinsu da ma'aikatan ofis da yawa. Dahomey ta rufe mana hanyar tashar Kwatano, kowa ya ji a jikinsa. Dokar 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure ita ma ta nuna wani abu: an kama direbobi da motoci a Agadas, kasuwar garin ta faɗi, masu tafiya ba su daina ba sai dai suka koma hanyoyin da ba rijiya. An soke ta a Nuwamban 2023.

In baƙi sun sauka wurinku

A Yamai magina daga Togo da Benin, masu kayan gyaran mota daga Najeriya, da malaman makarantu masu zaman kansu suna cike gurbin da muke da shi. A jihar Tawa kuma akwai 'yan gudun hijira daga Mali a arewa, da na Najeriya a wajen Bangi ta Madawa, waɗanda 'yan bindiga suka koro. Inda baƙi suka zo da yawa lokaci ɗaya, wuri huɗu ake samun gogayya: rijiya, makiyaya, itacen girki, da ladan ƙodago, don mai yunwa zai karɓi rabin abin da ɗan gari ke karɓa.

Maigari ya rubuta kowane gida da yawan mutanensa da dabbobinsa tun makon farko, ya kai wa magajin gari, don da wannan adadi ake neman ƙarin rijiya, aji da magani. A raba lokacin ɗiban ruwa, na mutane daban na dabbobi daban. Filin da aka ba baƙo aro a rubuta shi a COFO kamar yadda muka faɗa, da sharaɗin dasa itace ko gini. A yanke ladan yini ɗaya ga kowa a gaban jama'a. Taimakon da ƙungiyoyi za su kawo a nemi a sa talakawan gari a ciki, in ba haka ba ranar rabon abinci ce za ta zama ranar fara gaba.

Mai ɗaukar baƙo aiki na dindindin a birni ya kai kwantaraginsa ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, a sa hannu, ya rubuta shi a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, kamar kowane ma'aikaci. Idan kuma magini ne ko makaniki ko mai wutar lantarki, a sa cikin yarjejeniyar cewa zai riƙe yaran gari biyu ko uku a matsayin masu koyo har a gama aikin, a fayyace wanda zai ba su na abinci, shi ko mai ginin.